Akwati na da makulli uku, salula fa nawa gare ta?

Filin Zaman Tabarma

Ƴan uwana mata na ƙungiyoyin asusu, na Birni da Zango da Sabon Gari da Garin Malam, da na Mirriya, Matamaye da Magarya, da duk inda wannan takarda take isa. Allah ya sa albarka cikin abin da muke tarawa. Wadda ta iya karatu ta karanta wa sauran a wurin taro, da ƙarfi kuma a hankali, ta dakata duk inda wata ke da tambaya.

Tun 1991 da ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maradi, har ya iso mana nan Damagaram, ya ƙetare zuwa wasu ƙasashe, kowa ta san dokar akwati. Kwaɗo uku, makulli uku, a hannun mata uku. Mai ajiyar akwati ba ta da makulli, masu makulli ba su da akwati, kuma ba a buɗewa sai a gaban kowa. Ba don muna zargin juna muka yi haka ba. Mun yi ne don kada shaiɗan ya sami wurin zama tsakaninmu, kuma don in kuɗi suka yi gardama, kada a ɗora wa mace guda laifin da ba nata ba.

To yanzu kuɗinmu sun fara fita daga akwati. Wadda ta yi tafiya tana aiko zubinta ta Airtel Money ko Moov Money. Wadda mijinta ke Aljeriya ko Kano, ta Nita ko Amana ko Al Izza ake yi mata aike. Sanarwar taro a WhatsApp take yawo. Wasu ƙungiyoyin, musamman haɗakar ƙungiyoyi, har kwamfuta gare su da sakatariya ke shigar da lissafi. Ku yi wannan lissafin tare da ni: mata 25, kowace na zuba dala ɗari, wato sefa 500, duk mako. Mako guda jika 12 da rabi ke nan. Mako 52, jika 650, ban da ribar bashi. In kashi ɗaya cikin uku kaɗai ya bi ta salula, an haura jika 200. Kuma salular nan a hannun mace guda take, da lambar sirri guda, wani sa'in ma ɗanta ya san lambar, mai shagon caji ya san ta. Abin da nake so mu ɗauka yau shi ne mu kai dokar akwati kan salula da kwamfuta.

Ɓarawon yanzu sallama yake yi

Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, har yau ana ganin sauranta. Amma kowace ganuwa da ƙofa, kowace ƙofa da mai tsaronta. Tsaron da kamfanoni suka gina cikin salula da wuyar fasawa, shi ya sa ɓarawo ba ya wahalar da kansa. Wurin mai tsaron ƙofa yake zuwa da daɗin baki, mai tsaron ƙofar kuwa ke ce. Hanyoyinsa da yawa, amma huɗu sun fi yawo.

Ta farko, kira. Wani ya bugo da murya mai ladabi, Hajiya barka da rana, daga kamfanin layinki nake, za a rufe asusunki yau in ba ki faɗi lambar sirri ba. Ko ya ce kin ci kyauta. Ki riƙe wannan da kyau: ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar lambar sirrinki, ko a waya ko ido da ido, don aikinsa ba ya buƙatar ta. Duk wanda ya tambaya, kashe wayar kawai. Ba rashin kunya ba ne.

Ta biyu, saƙon kuskure. Saƙo ya shigo cewa an turo miki jika 20, can sai kira, mutum na kuka, wai kuɗin magani ne ya yi kuskuren lamba, don Allah ki mayar. Saƙon shi ya rubuta shi da hannunsa, ko dala ba ta shigo ba. Kada ki yarda da saƙo, kada ki yarda da hoton rasit. Ki shiga asusun da kanki ki duba abin da ke ciki. In ma da gaske kuɗi sun shigo, ki ce masa ya je ofishin kamfanin su warware. Masu sayar da kaya a Kasuwar Dole, wannan taku ce musamman: kada kaya su bar gabanki sai kin ga kuɗin a cikin asusu.

Ta uku, rajistar tallafi. A turo wani shuɗin rubutu a WhatsApp, wai ana raba wa mata jari, ki danna ki sa sunanki da lambarki, ki biya jika 2 na buɗe takarda, ki kuma tura wa mutum 10. Ƴan uwa, mun ga yadda tallafin gaskiya ke zuwa. Ta mai unguwa yake biyowa, ta ofishin magajin gari, ta ma'aikatan da muka san fuskarsu. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wadda ta tura irin wannan cikin zauren ƙungiya, ko da kyakkyawar niyya, ta buɗe wa ɓarawo ƙofa 25.

Ta huɗu ita ta fi ciwo, don da sunan wadda kika sani take zuwa. Saƙo daga lambar shugabarku: ina asibiti, turo jika 50 daga kuɗin ƙungiya ga wannan lamba, ranar taro zan yi bayani. Hotonta ne, lambarta ce, amma an riga an sace WhatsApp ɗinta. Maganinsa guda: ki kira ta kira na sosai, ba ta WhatsApp ba, ki ji muryarta, ki tambaye ta abin da ku biyu kaɗai kuka sani. In kusa take, ki sa mayafi ki taka.

Ku lura, duka huɗun da gaggawa suke zuwa. Yanzu-yanzu, kafin la'asar, kada ki gaya wa kowa. Duk maganar kuɗi da ta zo da gaggawa da ɓoyo, ki ajiye ta sai kin yi shawara da mace biyu cikin ƙungiya.

Mu raba makullan salula

Ga yadda nake ba da shawara kowace ƙungiya ta tsara, a rubuta cikin dokokinta, a karanta a gaban kowa.

Kuɗin ƙungiya su sami layinsu daban, kada a haɗa su da layin ma'ajiya na gida. Salular da layin ke ciki ta kwana cikin akwati ko a hannun mace guda. Lambar buɗe salular, mace ta biyu ke riƙe ta. Lambar sirri ta kuɗi, mace ta uku. Ba a turawa, ba a cirewa sai a zaman taro, ko a gaban mata ukun da sakatariya. Duk abin da ya shiga ko ya fita, a karanta shi da ƙarfi, a rubuta cikin kaye da kwanan wata da lambar da ke jikin saƙon. Ƙarshen taro a faɗi abin da ya rage a salula kamar yadda ake faɗin abin da ya rage a akwati.

Sai maganar da ake mantawa: layin da sunan wa aka yi rajistarsa? Da yawa cikinmu maigida ne ko ɗa ya sayo mana layi da katin shaidarsa. Ran da salula ta ɓace, ko layin ya lalace, wanda sunansa ke jiki shi kamfani zai saurara. In ya yi tafiya ci-rani, ko aure ya mutu, ko rai ya yi halinsa, kuɗin mata 25 sun maƙale. Ku je ofishin kamfanin, ko Airtel ne ko Moov ko Zamani ko Niger Telecoms, da katin shaida, a mai da layin sunan wadda taro ya zaɓa, a rubuta hakan cikin kaye, shaidu su sa hannu. Ku tambaya ko akwai asusu irin na ƙungiya, in kuna da takardar izini. Kuma kada a bar layi wata da watanni ba a taɓa shi, don layin da ya daɗe a kwance kamfani na iya karɓe lambar ya ba wani.

In an canja ma'ajiya ko shugaba, a canja lambobin sirri a ranar, kamar yadda ake karɓar makulli. Wadda ta sauka kada ta ji haushi. Kariya ce gare ta.

Lambar sirri

Lamba mai ƙwaya huɗu tana da hanyoyi 10.000, mai ƙwaya shida miliyan guda. Amma ɓarawo ba ya bin su duka. Da 1234 yake farawa, sai 0000, sai 1111, sai shekarar haihuwarki, sai ƙarshen lambar wayarki. In taki na cikin waɗannan, yau ki canja. Ki zaɓi abin da ke kanki kaɗai, misali kuɗin tiyar gero a shekarar da kika yi aure, ki juya shi ta baya. Kada lambar buɗe salula ta zama ita ce ta kuɗi. Kada ki rubuta ta a bayan waya ko a takardar da ke cikin jakar da wayar take.

Na san abin da wasu za su ce: ni ban iya karatu ba, dole in miƙa wa yaro ko mai shago ya danna mini. Iya, ki yi haƙuri ki saurare ni. Ƙwayoyin lamba goma ne kacal, daga 0 zuwa 9. Macen da ke lissafin bashi da ribarsa a ka, ta san wadda ta biya da wadda ba ta biya ba tun watan Azumi, ba za ta kasa gane alamomi goma ba. Mu da muka yi ajin yaƙi da jahilci, wannan bashi ne a kanmu. Kowane taro a ware minti 10, a zana maɓallan salula a ƙasa ko a allo, uku-uku yadda suke, kowace ta gwada da yatsa. Mai shago ya shigar da adadin kuɗi in ya so, amma in an zo lambar sirri, ki karɓi wayarki, ki juya baya, ki danna da kanki. Kada ki faɗe ta da baki a layi mutane na ji.

Wurin caji ma haka. In za ki bar salula a shago, ki kulle ta ko ki kashe ta. In mai gyara za ki kai wa, cire layi da katin ajiyar hotuna tukuna, in da hali ki zauna har ya gama.

Kwaɗo na biyu a WhatsApp

Ga yadda ake sace WhatsApp. Ɓarawo ya sa lambarki a wayarsa, sai kamfanin ya aiko lamba mai ƙwaya 6 ta saƙo zuwa wayarki. Sai ya kira ki ya ce ai kuskure ne, ko ya ce lambar shiga taron ƙungiya ce, karanto mini. Kina karantawa, an fitar da ke, ya shiga, ya fara roƙon kuɗi da sunanki. Wannan lamba ba a ba kowa, ko ɗan cikinki.

Akwai kwaɗo na biyu da za ki ƙara, kyauta ne, minti biyu. In wayarki da Faransanci take, shiga Paramètres, sai Compte, sai Vérification en deux étapes, ki zaɓi lamba mai ƙwaya 6 taki ta kanki. Daga nan ko an yaudare ki an karɓi ta farko, ba a shiga sai da ta biyu. Ki kuma leƙa wurin da aka rubuta Appareils connectés. Nan ake ganin duk wata waya ko kwamfuta da ke karanta saƙonninki. In kin ga wadda ba ki sani ba, cire ta. Masu Facebook, akwai irin wannan kwaɗon a can ma. Kuma kalmar sirrin Facebook ko ta imel ta zama doguwa, kalmomi uku ko huɗu da ba su da dangantaka, a haɗa da lamba, kowane asusu da tasa.

Kwamfutar ƙungiya

Kwamfuta maƙiyanta a garin nan uku ne: ƙura, zafi da wuta.

Ƙura, kun san hunturunmu, daga Disamba zuwa Fabrairu. Kwamfuta na da ƴar fanka a ciki da ke jan iska, ƙura na bin iskar ta toshe ƙofofin. In kin ji fankar na ƙara kamar injin niƙa, ko ƙasan ya yi zafi, alama ke nan. Bayan aiki a rufe ta, a sa ta cikin jaka ko a lulluɓe da tsabtataccen zane, amma sai ta huce. A goge da busasshen ƙyalle mai laushi, tsakanin maɓallai a bi da sabon buroshin haƙori. Ban da ruwa, ban da omo. Sau ɗaya a shekara, bayan hunturu, a kai wa mai gyara amintacce ya buɗe ya kakkaɓe ciki.

Zafi, a watan Afrilu da Mayu muna haura digiri 40. Kada a ɗora ta kan katifa, filo ko bargo, suna toshe mata numfashi. A sa ta kan tebur ko faranti mai faɗi, a inuwa. In batir ya kumbura, har maɓallai suka taso ko bayan salula ya buɗe, a daina caji nan take, kada a danna shi, kada a huda shi, yana iya kama wuta.

Wutar lantarki kuwa, ba tafiyarta ke ƙona kaya ba, dawowarta ce, don takan dawo da ƙarfi. Ana ɗaukewa ki zare waya daga bango, in ta dawo ki jira ta zauna. Ƙungiyar da ke da hali ta sayi ƴar na'urar daidaita wuta, ta fi sabuwar kwamfuta araha nesa ba kusa ba. Haka in da janareto ko hasken rana ake aiki. Kuma cajar bakin hanya mai arha ta sha kashe batir mai tsada.

Ta cikinta kuma fa? Kwamfutar lissafi ba ta kallon fim ba ce. In dole yara su yi aikin makaranta a kai, a buɗe musu ɗakinsu daban a ciki, na lissafi ya zauna da kalmar sirrinsa. In za ki tashi ko na minti ɗaya, danna maɓallin Windows tare da L, ta kulle. Kile USB da aka kai shagon buga takardu kan dawo da cuta. Alamarta, takardunki su ɓace, sai wasu masu ƴar kibiya su maye gurbinsu. Kada ki danna su, a bincike kilen tukuna. Windows 10 da 11 suna zuwa da mai gadinsu, Microsoft Defender, a bar shi a kunne. Ko sau ɗaya a wata a haɗa ta da intanet ta karɓi gyare-gyarenta, ko da zai ci kuɗin data, don gyaran nan tsagar bango yake liƙewa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya kamata sakatarorinmu su sani: Microsoft ya daina aika wa Windows 7 gyaran tsaro tun 14 ga Janairu 2020, tallafin da aka saba ba Windows 10 kuma ya ƙare ran 14 ga Oktoba 2025. Yawancin kwamfutocin hannu-na-biyu da ke kasuwa irin waɗannan ne. Za su ci gaba da aiki, amma ki tambayi mai gyara ko taku za ta ɗauki Windows 11. In ba za ta ɗauka ba, a yi lissafi da ita, amma kada a shiga asusun kuɗi ko imel ɗin ƙungiya da ita. Cikin ƴaƴanmu da ke Jami'ar André Salifou akwai masu sanin wannan. Su taimaka a gabanmu, su koya mana, amma kalmar sirri mu za mu sa bayan sun tashi.

Kuma kada kwamfuta ta sa mu yar da kaye. Lissafi ya zauna wuri uku: a kaye, a kwamfuta, da a kile guda da ba ya zuwa shago, wanda ke kwana a wani gida daban. Bayan kowane taro a kwafa. Ƙungiyar da ba ta da kwamfuta, mata biyu su ɗauki hoton shafin ranar da salularsu. Damina na zuwa, gara na nan, gobara ba ta sallama.

In abin ya riga ya faru

Ƴar uwa, kada kunya ta sa ki yi shiru. Masu digiri ma ana yaudararsu, kuma kowace awa da kika ɓoye, ɓarawo na ƙara nisa. Salula ta ɓace ko kuɗi sun fita, ki je ofishin kamfanin nan take da katin shaida a rufe layin da asusun. Ki sanar da ƙungiya da dangi kada kowa ya tura kuɗi da sunanki. In WhatsApp aka sace, ki sake shigar da lambarki a wayarki, sabuwar lamba mai ƙwaya 6 za ta zo, kina sa ta an fitar da ɓarawon. In ya riga ya ɗaura kwaɗo na biyu, za ki jira kwana 7 kafin ki shiga, amma shi dai ya fita. Kada ki goge saƙonni da lambar da ta kira ki, su ne shaidarki. Ki kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarma. Tun 2019 Nijar na da dokar hukunta laifukan da ake yi ta intanet da waya, zamba na ciki. Ba kullum kuɗi ke dawowa ba, amma ƙararki na iya tsare ta gaba.

Mu kuma sauran, in ƴar uwa ta zo da irin wannan labari, kada a yi mata dariya ko gori. In aka yi wa ta farko gori, ta biyu ɓoyewa za ta yi, sai ranar rabo a tarar da rami.

Aikin taro mai zuwa

Abu huɗu nake roƙon kowace shugaba ta sa a gaba. A tambaya layin kuɗin ƙungiya da sunan wa yake. A zaɓi mata uku na salula, kamar na akwati. Duk mai WhatsApp ta ɗaura kwaɗo na biyu kafin a tashi, masu iyawa su taimaki marasa iyawa, amma su kau da kai lokacin danna lamba. A fara minti goman koyon lambobi.

Ƙungiyar da ta gwada, ta aiko mana yadda ta kaya ta hannun mai kawo muku takarda, da abin da ya yi wuya, mu tattauna a fitowa ta gaba. A can kuma za mu taɓa maganar bashin da ake biya ta salula: wa ke ɗaukar kuɗin cirewa, mai bashi ko ƙungiya?

Allah ya tsare mana guminmu, ya kai mu ranar rabo lafiya. A gaida yara da masu gida.

Taku,
Shugabar ƙungiyar asusu, unguwar Birni, Damagaram